Mashin Mai Caji Ba Ya Sallama

Ko tsufa ya zo ya kwashe duk abin da ke cikin kaina, ina kyautata zaton akwai wani hantsi guda da zai bar mini. Hantsin da na tsaya a ƙofar wani gida, a wani ƙauye can gaba da 'Yargoje, da kayana jere a gefen sabon mashin, aka sallame ni cikin mutunci da ban haƙuri. Korar ba ita ce ta tsaya mini a rai ba, dalilinta ne. Har yau in na tuna ban san ko dariya ta kamace ni ko zama shiru ba.

Ni ɗan koli ne. Zare, allura, kwalli, man shafawa, sabulu, turare, ɗan kunne, madubi, duk wani ƙaramin abin da mace za ta nema ba tare da ta jira ranar kasuwa ba. A Ƙanƙara nake zaune, amma kasuwata tana ƙauyuka, daga gefen 'Yargoje har kusa da Sheme, wani sa'in in leƙa Daudawa. Wanda bai san sana'armu ba yana iya zaton fuska da fuska muke ciniki. Ko alama. Masu sayen kayana matan aure ne a cikin gidaje, ni ba na shiga, su ba sa fitowa. Ina tsayawa a inuwa in kwance kaya, yara su fito da faranti, a zuba musu, su shiga da shi, a zaɓa a dawo da saura da kuɗi a kai. Shekara da shekaru haka muke. Na san gidan da ba su son zare sai ja, na san gidan da turare mai ƙarfi ke sa wa tsohuwarsu ciwon kai, amma da za a jera mini matan nan a kasuwa ba zan nuna ko ɗaya ba. Su ma haka.

Mashin ɗin da nake yawon da shi tun farko tsoho na saye shi, kuma a hannuna ya ƙarasa tsufa. Salansarsa ta fashe tun da daɗewa, na ɗaure ta da waya. In na tayar da shi sai ya yi tari, ya yi gurnani, sannan ya buga wata ƙara da ke sa tantabarun unguwa tashi gaba ɗaya. A kan hanya ma bai iya tafiya shiru ba, in ya ɗan yi gaba sai ya sake tarin nan ya buga. Bakanikena ya gaji da ce mini in canza salansa, ni kuma kullum sai in ce bari kaka ta yi. Matata ta ce saboda ni maƙwabta ba sa makara sallar asuba, ladan ma da ya ga dama ya huta. Sauran 'yan koli suna shiga gari suna kira da baki, wasu suna matsa oda. Ni ban taɓa yi ba. Ina tsayawa yara sun riga sun kewaye ni, kuma na ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa kaya masu kyau ba sa buƙatar talla. Na sha faɗin haka a majalisa, da ɗan ɗaga kafaɗa.

Sai aka cire tallafin mai. Kowa ya san yadda aka ji, ba sai na tsaya ba da labari ba. Mashin ɗina ya koma ya fi iyalina ci. In fita da safe in tsaya wurin 'yan bumburutu, in ga kwalbar mai ta ƙare a cikin tanki kafin in gama gaisawa, ribar rabin wuni ta tafi ban sayar da ko allura ba. Ga baƙin mai, ga fulogi, ga bakanike da ya zama kamar ɗan gida. A wannan halin ne na je Funtua sarin kaya, na ga wani mutum ya wuce ni a kan mashin, ba hayaƙi ba ƙara, sai ɗan sautin taya a kan kwalta. Na bi shi da ido har ya sha kwana. Aka ce mini ai mai caji ne, kamar waya ake jona shi.

Daga ranar ban sake barci mai daɗi ba. Ni mutum ne mai son lissafi, kuma ina alfahari da cewa ba a yi mini gaggawa. Rani guda na ɗauka ina auna abin nan. Na kai maganar majalisarmu ta wurin mai shayi, ta zama abin hira har mutane suka fara gajiya da ni. Bakanikena ya ce kada in kuskura, in batir ya mutu ba wanda zai iya taɓa shi daga nan har Sabuwa. Na saurare shi da kunne ɗaya, don na san tuwon gidansa yake karewa. Mai cajin waya na bakin tasha, wanda ke da sola, ya ce in kawo kawai, shi zai riƙa cika mini. Shi ma na san inda ya dosa. Wani Alhaji dillalin ababen hawa ya ce in duba ranar da zan sayar, wa zai saya. Matata tambaya ɗaya ta yi, "Wutar da ba mu gani sai ta ga dama, ita za ta kai ka Daudawa?" Duk na ba su amsa. Na tambayi tsawon ran batir, na tambayi kuɗin sabo, na tambayi yadda yake yi da laka, na tambayi ko ruwan rafi zai kashe shi. Ba abin da na bari, a ganina.

Hujjar da ta rufe bakin kowa kuwa ita ce rashin ƙarar. Na ce musu a wannan zamani da mutum ke bin hanyar daji zuciyarsa a hannu, me ya fi a ce ka wuce ba wanda ya ji ka? Tsohon mashin ɗina tun daga nesa yake sanar da ɓarayin daji cewa ga mai kaya nan tafe. Aka gyaɗa kai, mai shayi ya ce wallahi wannan gaskiya ce. Na sha shayina ina jin kaina kamar wanda ya ci muhawara a rediyo.

Na sayar da bijimin da nake kiwo, na haɗa da ɗan abin da na tara, saura kaɗan ya cika. Sai na waiwayi tsohon mashin. Akwai maƙwabcina, mutum mai shiru-shiru, manomi, wanda gonarsa ke can kusa da daji har ta gagare shi zuwa, yana zaune da iyali masu yawa ba abin yi. Shi ya taya. Kuɗin da ya bayar bai wuce na ƙarfe ba, amma na karɓa da sauri kafin ya canza shawara, har ina jin tausayinsa a raina. Na ce masa abu na farko ya canza salansa. Ya ce to, in Allah ya hore.

Ba zan ɓoye ba, kwanakin farko na ji daɗin duniya. Mashin ɗin fes, ga hular kwano da aka ba ni gyara, ina sawa ina ɗaure ta har haɓa. Karo na farko a rayuwata ina tafiya ina jin kukan tsuntsaye, ina jin madubai suna ƙwanƙwasa juna a cikin akwati. In wuce 'yan bumburutu in ɗaga musu hannu cikin isa. Kaji ba sa guduna, sai na zo dab da su. Wani dattijo da na cim ma a kan hanyar gona ya yi tsalle ya faɗa cikin kunyoyin gona yana salati, ya ce ya zaci ba mutum ba ne. Ko wannan dariya na yi, na kai labarin majalisa.

Matsalar caji kuwa ta zo yadda matata ta faɗa, ko da yake ban ba ta lambar yabo ba. Wuta ta zo ta ɗauke, mai sola kuma in ya jona mashin ɗina sai wayoyin mutane su kwana ba caji. Saboda haka makonni da dama ban yi nisa ba, ƙauyukan kusa da gari kawai nake zagayawa, ina tsoron batir ya yanke mini a daji. Kuma a ƙauyukan kusan ciniki ya faɗi. In tsaya a inuwar da na saba, in kwance kaya, in jera, in zauna. Ba yaro ba babba. Sai can wani ya gifta ya gan ni, a ɗan sayi sabulu. Na rasa dalili, don haka na ƙirƙiro. Na dawo majalisa na yi musu bayani mai tsawo a kan yadda kuɗi suka ƙare a hannun talaka, yadda mata suka daina kwalliya saboda tsadar masara. Aka yarda da ni, don wa zai musa cewa babu kuɗi?

Duk da haka hankalina bai tashi ba, saboda ina da wurin da na dogara da shi. Ƙauyen nan na gaba da 'Yargoje shi ne cibiyar kasuwata. Abin da nake sayarwa can a wuni guda ya fi na wasu garuruwa uku, kuma da shi nake sayen hatsin gidana. Na ce a raina bari in samu caji cikakke in je, duk wannan rashin zai wanke.

Ranar ta zo cikin damina, an yi ruwa da dare gari ya yi sanyi. Na ɗaure kaya fiye da kullum, na sa hulata, na tsallake rafi lafiya, na shiga garin da hantsi. Maza duk suna gona. Yara kuwa tun da al'amura suka lalace ba a barinsu suna yawo a waje haka kawai. Na tsaya gindin dalbejiyar da nake tsayawa, na kwance, na jera. Ina jin daka a cikin gidaje, ina jin kukan jarirai, ina jin ana kiran awaki, amma ba ƙofar da ta motsa. Na gyara jerin turare. Na sake gyarawa. Da na ga rana tana ɗagawa, sai na yi abin da ban taɓa yi ba a garin: na taka zuwa babban gidan da ke fuskantar dalbejiyar, na tsaya bakin zaure na yi sallama.

Dakan ya tsaya. Na ji an fizgi wani yaro an yi ciki da shi. Can sai muryar tsohuwar gidan ta fito daga bayan ƙyaure.

"Wa ke nan?"

"Mai koli ne, Inna."

"Wane mai koli?"

"Naku mana. Na Ƙanƙara."

Aka yi ƙus-ƙus a ciki. Sannan ta ce, "Bawan Allah, ta ina ka biyo? Mu dai ba mu ji zuwan kowa ba."

Na yi murmushi, don na zaci an zo wurin da zan burge su. Na ce, "Mashin na canza, Inna. Wanga da wuta yake tahiya, ba ya ƙara ko kaɗan."

"Ba ya ƙara," in ji ta, tana jan maganar. "Yo mi zai sa mutumin kirki ya shigo gari ba a ji shi ba?"

Nan na ga abin yana neman karkacewa, sai na ce bari in kawo shaida. Na ce ai gidan nan jan zare kuke saye, ba ku son baƙi. Na ce ke kanki Inna turare mai ƙarfi yana sa miki ciwon kai, sai mai sanyi. Na ce kwanakin baya an yi haihuwa a gidan, an sayi hoda da man jarirai. Ina gama faɗa na ji wata mace a ciki ta ce, "Innalillahi! Har abin da muke saye ya sani!" Sai ƙarar sakata. A garin da kowa ke tsoron masu kai wa ɓarayi labari, na tsaya a ƙofar mutane da hular kwano ina lissafa musu sirrin gidansu.

Tsohuwar dai ba ta yi mini rashin mutunci ba. Ta sassauta murya ta ce, "Malam, ko kai wane ne, ka yi haƙuri ka tahi. Muna da mai kolinmu. Tun ɗiyan gidan nan suna goye muke saye wurinshi. Bai taɓa ba mu jabun turare ba, bai taɓa riƙe mana canji ba. Lokacin da hanya ta ɓaci kowa ya daina zuwa, shi bai daina ba, muna jin shi tun daga rahi muna yi mashi addu'a. Ko kyauta kake rabawa ba mu amsa. Ba mu ci mashi amana."

Na yi shekaru ina sana'ar nan, ba wanda ya taɓa yabona haka, ko matata. Idona ya ciko, wallahi ya ciko. Ashe ana yi mini addu'a a bayan katangar nan ban sani ba. Kuma duk wannan yabon ta ƙofa a rufe nake jin sa, ana korata da shi.

Ban gama haɗiye abin ba sai na ji shi daga wajen rafi. Tari, gurnani, sannan bugun nan. Na juya ina saurare, don ban taɓa jin sa daga nesa ba, kullum a kansa nake. Ashe haka yake cika gari. Kafin ya ƙaraso sakatu sun fara buɗewa, yara suka ɓarko daga kowane lungu da farantai, suka wuce ni da kayana a jere kamar ba su ga kowa ba. Wasu daga cikinsu sun gane ni sarai, har suna ce mini sannu, amma ƙafarsu ba ta tsaya ba. A wurinsu mai koli shi ne wanda ke kan wancan mashin. Daga bayan ƙyaure tsohuwar ta ce, cikin jin daɗin wanda gaskiyarsa ta fito, "To ka ji shi nan. Ka ji namu."

Maƙwabcina ne, da kwali ɗaure a baya. Da ya hango ni saura kaɗan ya faɗi. Ya kashe mashin, ya sauko, ya rasa inda zai sa idonsa. Sai da yara suka shiga da farantai ya matso kusa da ni.

"Wallahi Malam ban yi niyya ba," ya ce. "Gaishe da ƙanwar mahaifiyata na zo garin nan. Ina tsayawa yara suka rufe ni da kuɗi, wannan a ba shi zare, wannan sabulu. Na ce ba ni da komai, suka ce to gobe. Na koma gida na tarar ba a ɗora tukunya ba. Mi kake so in yi?"

Na dube shi, na dubi salansar da ke ɗaure da wayata, irin ɗaurin hannuna. Na so in yi faɗa, amma na rasa ta inda zan fara. Bai sace ba, ni na sayar masa, har ina murna. Muna nan tsaye sai faranti ya dawo daga babban gidan, an ce ina jan zaren, yau ma babu? Ya duba kwalinsa babu. Ya ɗago ya kalle ni a hankali. Na buɗe akwatina na ba shi a kuɗin sari. Cinikin da na yi ke nan a garin ranar.

Da yamma na same shi a ƙofar gidansa na ce ya mayar mini da mashin ɗin, in ƙara masa a kan abin da ya biya. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi masa rai, da shi yaransa ke ci yanzu. Na ce to ya sayar mini da salansar kawai. Sai da maganar ta fita daga bakina na tuna sabon nawa ba shi da inda za a ɗaura ta. Shi ma ya tuna, amma ya yi mini kara bai yi dariya ba.

Gaskiya ba ta daɗe ba ta fito, don mazan garin sun san ni. Tsohuwar ta aiko mini da gyaɗa da ban haƙuri, aka ce kwana biyu tana jin kunyar abin. Sai dai sanin gaskiya bai canza komai ba. In ya shigo duk gari ya ji lokaci guda, ni kuwa sai na bi gida-gida ina sallama ina bayani, kafin in gama layi ɗaya shi ya kwashe cinikin. Kuma shi ma bai cuce su ba, balle su gudo. A ƙarshe muka zauna muka raba hanya. Ya riƙe gefen 'Yargoje, ni na koma wajen Sheme da Daudawa, na fara daga farko. Da furfurata na koyi shiga gari ina ɗaga murya ina kiran zare da kwalli, irin kiran da na yi shekaru ina yi wa wasu dariya a kansa.

Mashin mai caji yana nan, kuma in za a yi adalci bai yi mini ƙarya ba. Ba ya shan mai, ba ya kai ni wurin bakanike, laka ba ta hana shi tafiya. Duk abin da na auna ya fito yadda na auna shi. Abin da ya kayar da ni shi ne wanda ban ɗora a sikeli ba, don ban ma san ina da shi ba.

Abin da na koya shi ne, in za ka rabu da abin da ya daɗe yana yi maka hidima, kada ka tsaya ga abin da yake ci a aljihunka, ka bincika abin da yake yi maka ba ka sa shi ba. Kuma ka san wa za ka tambaya. Rani guda na yi ina shawara, na tambayi bakanike, na tambayi dillali, na tambayi mai caji, har mai shayi sai da ya ba da ra'ayi. Matan da ke ciyar da ni kuwa, ko sau ɗaya ban aika faranti ciki da tambaya ba.